Jirgin da Na Binne a Yashin Binuwai

Bana ruwa ya yi jinkiri. Lokacin da ya kamata ƙasa ta yi sanyi ya zo har ya yi nisa, sama kuwa fari fat. Ran Talata 'yata Hadiza ta zo kai ni lopital, wato asibiti, a duba mini gwiwa, muka hau moto biyu, babura ke nan, muka bi ta kan gada, tunda gidanmu a ƙetare yake. Na leƙa ƙasa sai na ga Binuwai ya koma yashi, ɗan ruwa siriri na bin gefe guda, mata na wanki a inda da can gorar tuƙa jirgi ba ta taɓa ƙasa. Muna sauka Hadiza ta ce wai ita Garuwa ta ishe ta, hayaƙi da hayaniya, ranar da ta bar aiki ƙauye za ta koma, bakin kogi, ta huta. Na dube ta sama da ƙasa. Mai wannan magana a bakin kogin aka goye ta, shekarar da nonon uwarta ya ƙafe, ba ta dai sani ba ne. Ban tanka mata a gaban mutane ba, amma tun ranar abin yake cina.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garin nan, wanda hotonsa ke rataye a kowane biro, wato ofis. Mahaifina ɗan fito ne a kwatar Garuwa, lokacin da manyan jirage ke hawowa daga Najeriya da damina su sauke gishiri da siminti, su kwashi auduga da gyaɗa. Da yaƙin basasar can ya tsayar da su, kwata ta mutu, shi ma bai daɗe ba ya bi ta. Abin da ya bar mini jirgi ne guda. Ƙanen mahaifin nawa, Baffa Bawa, shi ne Sarkin Ruwa a wata tunga can sama da Pitowa, ya aiko cewa in zo, akwai fito, akwai ƙasar noma. Na kwashi matata Talatu da tabarmi da tukwane na tura jirgi sama.

Ba zan yi wa tungar ƙarya ba, ta ba ni abin da birni bai ba ni ba. Jauro, mai unguwar tungar, ya yanka mini gonar masakwa, dawar rani, a fadama, ban sayi itace ba, ban sayi kifi ba. Ran Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, tun da safe nake ƙetarar da mutane da buhuna da awaki har kafaɗa ta yi tsami. Amma abin da take karɓa a hannunka ba wanda ke faɗa maka sai ka zauna. Sauro kamar hayaƙi. In yaro ya yi zazzaɓi, rabin wuni ne kafin ka ga mai allura. Ga kuma mutane. Gida ashirin da 'yan kai, kowa ya san abin da ka ci jiya, kowa ya san ranar da ka yi faɗa da matarka, kuma dole ka je gindin tsamiya bayan la'asar ka zauna da su ka yi dariya, in ba ka je ba a ce kana ji da kai. Ni tun farko sun ce ina ji da kai, wai ɗan birni.

Jirgin ne ya tsone musu ido. Nasu na katako ne, an haɗa da ƙusa, in ya tsage a cusa tsumma a shafa kwalta a ci gaba. Nawa itacen maɗaci ne guda ɗaya, sassaƙar hannu, ba haɗi ko ɗaya a jikinsa. Mahaifina ya taso shi daga dazukan kudu tun ban yi wayo ba. Ya yi baƙi ƙirin don tsufa, bakinsa ya yi santsi inda hannaye ke kamawa, kuma sai mutum ashirin suke ɗaga shi. Irin wannan jirgi abokin gabansa rana ce. In ya bushe ya tsage daga kai zuwa gindi, to ya zama akurkin kaji, ba mai gyara shi.

Saboda haka da bazara, in kogi ya janye har mutum na ƙetarewa da ƙafa, nutsar da jirage muke yi. Akwai wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin gaɓa wanda ba ya ƙafewa. A tura jirgi can, a loda masa duwatsu, ya kwanta a ƙasan ruwa har damina. Kifin kogi duk nan yake taruwa, yana ɓuya a ƙarƙashin jiragen, kuma ba a yin su a gurbin sai an ɗaga jirage. Dokar masu ruwa ɗaya ce a kan wannan, tun kakanni: ba mai taɓa jirgin wani, ko don ceto ne, sai mai shi ya buɗe baki ya ce, "Jama'a, a kama mini." In ya faɗa, ko kana gaba da shi dole ka kama. In bai faɗa ba, ko ɗan'uwanka ne sai dai ka tsaya ka yi kallo.

Shekarar farin, damina ta zo kamar mai leƙe ta koma. Kogi bai hau fadama ba, saboda haka ƙasar masakwa ba ta sha ba. Muka dasa duk da haka, muna huda ƙasa da turmin sanda muna zuba ruwa da ƙoƙo, dashen ya tsaya kwana kaɗan ya ƙone. Fito ya mutu da wuri, don wa zai shiga jirgi a ruwan da bai kai cinya ba? Muka nutsar da jirage wata biyu kafin lokaci. Daga nan rumbu ya fara magana. Talatu ta mai da tuwo sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu, daga baya kunun ya koma ruwa mai launin dawa. Mata suka shiga tonon bado a busassun tafkuna, ana daka ƙwallon goruba, ana tafasa ganyen da ko akuya sai ta yi tunani. Zafin Garuwa kun san shi, amma na shekarar daban ne. Kafin hantsi yashi ya fi ƙarfin tafin ƙafa, iska in ta taso kamar daga bakin tanderu. Hadiza na baya tana kuka ba hawaye.

Ran nan bayan la'asar Baffa Bawa ya tara masu jirage a gindin tsamiya. Ya ce yunwa ta kai inda ta kai, za a buɗe su a gurbi jibi, kowa ya ɗaga jirginsa.

Na ce, "Baffa, in na ɗaga nawa ina zan kai shi? Damina saura wata biyu, ko fiye."

Ya ce, "Inda kowa zai kai nasa, Iro. Ka rufe shi da zana."

"Nasu katako ne. Nawa in ya yi kwana goma a wannan rana ya gama."

Wani daga baya ya ce, "To mu ci jirgin naka mana, a yanka mana shi gunduwa-gunduwa." Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi.

Baffa ya ce, "Ɗana, naka ne a tsakiya, ya gitta gurbin. Taru ba zai ja ba yana nan. Yayana ne ya sassaƙa shi, na fi ka sanin darajarsa. Amma yara ake binnewa."

Na ce, "A shiga da koma, ragar hannu, a kama na gefe. Nawa ba zai tashi ba."

Na tashi na kaɗe riga. Har yau ina nan a kan cewa ban yi ƙarya ba. Su in sun ci kifin mako biyu sun gama, damina ta zo su koma ruwa da jiragensu. Ni in na ɗaga nawa, na ci kifin mako biyu na zauna hannu biyu har abada. Wanne mai hankali zai yi wannan ciniki? Kuma dokar ba ni na kafa ta ba, na dai tsaya a kanta. Suka ɗaga nasu, suka shiga da koma, kifin duk ya gudu ƙarƙashin nawa, suka fito da ɗan abin da bai kai miya ba. Kullum da safe sai in je gaɓa in zauna, su ma su zo su tsaya suna duban ruwan, ba mai gaishe ni. Aka daina amsa sallamar Talatu a bakin rijiya. Ni kuma na daina zuwa gindin tsamiya, na ce su riƙe inuwarsu.

Kwana tara aka yi a haka. Gurbin na raguwa, ruwan ya yi kore, ya yi ɗumi kamar na wanka. A rana ta goma wari ne ya tashe mu. Na je na tarar da kifi ya taso ciki sama, fari fat ya rufe ruwan, karfasa da ragon ruwa har da giwan ruwa biyu da ban taɓa sanin suna ciki ba. Sun kumbura. Mata suka shiga suna tsintar wanda bai gama lalacewa ba, ungulu na sauka a gefensu ba tsoro. Baffa ya tsaya kusa da ni ya ce, "Ka gani." Na ce rana ce ta kashe su, ba ni ba. Ya juya ya tafi. Bayan mako guda jirgina ya fito fili, gurbin da ba ya ƙafewa ya zama taɓo.

Yanzu dole in fitar da shi, kuma na rantse ba zan kira su ba. Akwai maƙwabcina Bulus, Kirista ne, daga duwatsun arewa ya sauko noman auduga, da Hausa muke magana da shi. Shi ba mai ruwa ba ne, dokarmu ba ta hau kansa ba. Yana da shanun huɗa biyu, sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ya ce, "Mai jirgi, kai mutum ne mai taurin kai, amma ka ƙetarar da matata ranar naƙuda ba ka tsaya tambaya ba." Muka ɗaura igiya, shanun suka ja shi zuwa gindin wani ɓaure. Na rufe shi da zana da ciyawa, muka shiga ba shi ruwa safe da yamma. Rijiyar a tsakiyar yashi take, ana tonawa ana jira ta tsatso. Talatu ke ɗaukowa, tulu shida da safe, shida da yamma, da yarinya a baya da ciki ba komai. Mu kanmu wanka sai ran Juma'a.

Ta yi kwana goma sha biyu. Ran na sha uku ta dire tulu a gabana ta ce, "Malam, wuyana ya ƙare. Nono ya tsaya tun shekaranjiya. Ko in ɗauko wa 'yarka ruwa ko in ɗauko wa itacenka, ka zaɓa." Na yi mata tsawa, ban kyauta ba. Amma da na ɗaga zana na ga wani siririn layi ya fara a kan jirgin, kamar gashi.

Nan dabara ta zo mini, wadda na taɓa ji a bakin mahaifina. Ƙarƙashin yashin kogi akwai danshi. Ni da Bulus muka yi kwana uku muna tona rami a tsakiyar kogin, tsawon jirgin, zurfinsa har ƙirji, sai da yashin ya yi sanyi a hannu. Shanun suka ja shi, muka gangara da shi ciki, muka mayar da yashi, na kafa gora a kansa. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar. Ba rana, ba ɗaukar ruwa, ba roƙon kowa. Bulus ya share gumi ya ce, "Shigarwa mun shigar. Fitarwa fa?" Na ce in lokaci ya yi ma gani. Mako biyu bayan haka ya kora shanun Garuwa ya sayar wa mahauta, don ɗaya ta fara kwanciya ba ta tashi.

Binuwai ba ya jiran ruwan da ya sauka a kanka. Can duwatsun kudu ake yin ruwa, kai kana nan kana shan rana, sai kogi ya iso. Yanzu tun da aka datse shi a sama, sai masu buɗe ƙofa sun ga dama, har a rediyo ake sanarwa. A lokacin labari daga tunga zuwa tunga yake gangarowa, Sarkin Ruwa ya aika wa Sarkin Ruwa, shi kuma ya faɗa a gindin tsamiya. Na san wannan sarai. Na dai ɗauka ko me ya faru, ƙanen ubana zai turo a gaya mini.

Da hantsi ne. Ina bayan gida ina gyaran fartanya, sama ba ko gajimare, Talatu ta shigo a guje ta ce rijiyar yashi ta cika da kanta har ta tumbatsa. Na fito na ga duk jiragen katako an janye su can saman gaɓa, an ɗaure. Tun jiya aka yi, ban lura ba. Na sheƙa da gudu, Talatu a bayana da ƙwarya, Bulus ya biyo mu da shebur. Daga nesa ana ganin bakin ruwan, jajir, yana turo kumfa da karmami, ba sauri yake ba, kamar tafiyar tsoho, amma ba ya tsayawa.

Muka hau tono. Yashin saman ya ƙona mana hannu, na ƙasan kuma yana rushewa yana komawa. Da na ɗaga kai sai na ga maza sun jeru a kan gaɓa, duk tungar, Baffa Bawa a tsakiya da sandarsa.

Na ce, "Baffa! Labari ya zo ka ɓoye mini!"

Ya ce, "Ba a ɓoye ba. Shekaranjiya na faɗa a gindin tsamiya, kowa ya ji. Kai ne ba ka zama."

"Gidana taku nawa ne daga naka?"

"Daidai da nawa daga naka."

Na zage shi. Ƙanen ubana, a gaban mutane, na zage shi, na koma tono. Bakin jirgin ya fito, baƙi, da sanyinsa, lafiya lau, ko layin nan ya haɗe. Muka kama mu uku muka ja, ko motsi. Ruwan ya iso ya taɓa mana idon sawu.

Talatu ta miƙe ta juya wajen gaɓa ta ƙwala, "Jama'a, a kama mana! Don Allah a kama mana!"

Wasu suka motsa. Baffa ya gitta sandarsa ya ce, "Mai jirgi ke kira."

Ta juyo kaina, idonta ja, yarinya na tsala kuka a bayanta. "Malam, buɗe bakinka. Sun zo fa. Buɗe bakinka!"

Na ce, "Tona."

Bulus ya ce, "Mai jirgi, wallahi faɗi, ba za ka mutu ba."

Na ce su tona. Ina duban fuskokin nan da suka yi mini dariya, da suka ƙi amsa wa matata sallama, na ce a raina sai dai kogi ya ci. Ruwa ya zubo cikin ramin, ya cika cikin jirgin da muka yashe. Ya kai ƙwauri. Ya kai gwiwa. Gefen ramin ya rufta ya danne shebur ɗin Bulus. Sai da na ji bakin jirgin ya ɓace a ƙarƙashin hannuna, ina lalube ba na gani, sannan na ce a kama mini. Ban ma san da wace murya ba.

Kafin in rufe baki sun diro. Ba wanda ya koma gida ɗauko komai. Fartanyu da igiyoyi da gorori duk suna ajiye a bayan ƙafafunsu tun farko, igiyar ma an riga an yi mata zarge. Baffa da tsufansa shi ya fara nutsewa ya ɗaura ta a kan jirgin. Mutum ashirin da wani abu suka ja, suna ihu, ruwa a ƙugu. Jirgin ya motsa, na ji shi ya motsa, kamar taku ɗaya. Amma yashi na zuba a cikinsa fiye da yadda ake kwashewa. Ruwa ya kai ƙirji, igiya ta tsinke, aka zube. Su suka fitar da ni, ina dukansu. Baffa na haki a kan gaɓa ya ce, "Da ka faɗa tun ruwa na idon sawu." Bai ƙarasa ba, ni ma ban ba shi dama ba.

Da kogi ya janye bayan damina na koma da gora na yi ta soka yashi, wata guda cur. Tudun yashin ya tashi daga inda yake, gaɓar ma ta canza. Ban same shi ba. Kafin bazara ta zagayo mun dawo Garuwa, na shiga dakon buhunan auduga, daga nan gwiwar nan ta samo asali. Baffa ya aiko sau biyu cewa in koma a haɗa mini na katako, na ce a gaya masa ya hau abinsa. Da ya rasu na je jana'iza na dawo a ranar, ko ruwan tungar ban sha ba.

Ban yafe musu ba. Mutum ashirin da igiya a hannu su tsaya suna kallon mace mai goyo tana tonon yashi da ƙwarya, suna jiran a roƙe su, wannan ba doka ba ce, mugunta ce da rawani. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni, haka kuma zan faɗa wa Hadiza in ta sake kawo mini zancen hutun ƙauye. Abin da ba na faɗa shi ne, da sun ƙi saukowa da na fi samun barci.

Talatu ba ta taɓa yi mini gardama a kan wannan ba, ko sau ɗaya. Tana da tata hanyar. Jiya ina zaune a zaure, famfo ya kawo ruwa bayan kwana uku, ta cika bokiti a tsakar gida. Ba kowa a gidan sai ni da ita. Ta tsaya a kansa, ta dafa ƙugu, ta ɗaga murya yadda ta saba tun shekarar nan, duk lokacin da za ta ɗaga wani abu mai nauyi.

"Jama'a, a kama mini."

Na yi tsaki, na lalubi sandata, na je na kama.